Ƙwayar Da Mama Ta Hana Ni

Shekarar da soja suka koma bariki aka rantsar da farar hula, shekarata bakwai a ɗakin miji, ko ɓari ban taɓa yi ba. Al'adata kuwa sai ta ga dama take zuwa, sau uku a shekara, wani lokacin sau biyu. Muna zaune a Gyadi-Gyadi, gidan haya ciki da falo. Maigidana malamin firamare ne, bai taɓa yi mini gori ba, ni ce dai nake cin kaina. Duk sunan da za a yi a layinmu da ni ake tuƙa tuwo, in dawo gida in tura ƙofa in sha kukana.

Gwaggona ta ce ciki ne ya kwanta, ta haɗa ni da jiƙe-jiƙe har harshena ya daina sanin ɗaci. Ba abin da ya tashi. Da damina wata maƙwabciyata ta raka ni Tarauni, kyamis ɗin wata Bayarabiya, tsohuwar nas da ta ajiye aiki. Kowa Mama yake ce mata. Gajeriya ce mai tabarau da igiya a wuya, ba ta da yawan fara'a. Kirista ce, amma ta san yadda ake tambayar Bahaushiya. Ba ta ce in faɗi kwanan wata ba, don ta san ba shi muke riƙewa ba.

"'Yata, yaushe rabonki da fashin sallah?"

"Tun bayan Babbar Sallah, Mama."

Ta gwada fitsarina, ta tura ni wurin likita, sai da na dawo da takarda sannan ta ƙirgo mini ƙwayoyi na kwana goma. Kwana uku da gama su jini ya zo. Na koma ina murna kamar an ba ni kujerar Makka, ita kuwa ko murmushi.

"Saurara da kyau," in ji ta. "Wannan jinin magani ne ya kawo shi. Maganin ba ya sa ciki, ba ya kuma hana shi. In jikinki ya saki ƙwai bayan wannan, ciki zai iya shiga. In bai saki ba, shiru za ki ji. Kada ki sake sha sai na gwada ki."

Na ce to. Ta kunnen dama ta shiga, ta fita ta hagu.

Aka yi wata uku ban sake ganin komai ba. Ban kawo wani abu a raina ba, ai halin jikina ne. Sha'aban ya raba, na ce bari in sha ƙwayar nan jinin ya zo ya wuce kafin azumi, in samu talatin ɗina cif. Da la'asar na shiga bas na tafi Tarauni. Kyamis ɗin cike da mutane.

Mama ta ce tsinken gwajin ciki ya ƙare mata, sai da magariba za a kawo, in dawo gobe da safe. Na ce ni na san jikina. Ta ce ita ma ta san aikinta. Ni kuma Allah ya yi ni da saurin hawa, ga shekara bakwai na baƙin ciki a cikina. Sai na ji bakina yana faɗin abin da nake ji ana faɗa a gidajen biki.

"Dama an gaya mana, ku ba kwa son mu hayayyafa!"

Mama ta cire tabarau ta dube ni, ta mayar, ta juya ga wani tsoho mai neman maganin tari. Na fita fuu. A bakin titi na nuna wa wani mai kyamis tsohon kwalin ƙwayar, ya miƙo mini ba tambaya. Bayan magariba na haɗiyi guda ɗaya.

Washegari maigidana bai daɗe da fita makaranta ba na ji sallama. Mama ce, da jakarta a hammata. Acaɓa ta hau tun daga Tarauni, ta nemo gidan maƙwabciyata, aka nuno mata ƙofarmu. Ko tabarmar da na shimfiɗa ba ta kalla ba.

"Kin saya a wani wuri, ko?"

Na sunkuyar da kai.

"Nawa kika sha?"

"Ɗaya."

Ta miƙo mini 'yar kwalba, ta ce in kawo fitsari. Da na kawo, ta tsoma tsinken, muka tsaya a tsakar gida muna jira. Ta ɗaga shi ga haske, ta ciro wani ta sake gwadawa. Sannan ta buɗe tafin hannunta.

"Ba ni sauran ƙwayoyin. Ciki gare ki."

Na zauna a kan turmi. Murnar ba ta ma samu wurin shiga ba, tsoro ya riga ta. Na ce, "Mama, na kashe shi ko?" Ta ce ƙwaya ɗaya ce, kada in tayar da hankalina, amma in sa mayafi yanzu likita ya gani da idonsa. Ranar ba ta buɗe kyamis ba. Tare muka zauna a bencin asibiti har azahar, ita ta riƙe mini kati, ita ta sayo mini ruwa. Likita ya ce ciki ya kai wata biyu, yana nan lafiya. Yarinyar da na haifa, yau tana da nata 'ya'yan.

Na ga mutanen kirki a rayuwata, amma ban ga wanda aka zaga a gaban jama'a ya kwana ya biyo mai zaginsa har gida da alheri ba, sai ita. A bakin ƙofar asibiti na kama gefen zanenta, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Mama, ki yafe mini. Me ya sa ma kika zo, bayan abin da na faɗa?"

Ta zare zanenta a hankali, tana ɗaga wa mai acaɓa hannu.

"Ke shekara bakwai kika yi kina jira," in ji ta. "Ni ashirin da biyu na yi, har jinin ya ɗauke. Ban samu ba. Je ki gaya wa mijinki."