Takalman Yayana

Har yau in na ji ƙwas-ƙwas ɗin takalmin fata a tsakar gida, raina ɓaci yake.

Ina yarinya a Gure, abincinmu na shekara yana cikin kwari ne, gindin dabinon babanmu. In sanyi ya shigo, dabino ya yi fure, sai an hau namijin an yanko furensa an cusa cikin na matan. In kwanakin suka wuce ba a yi ba, 'ya'yan sai su fito ƙanana, ko akuya ta raina su. Babanmu ya faɗo ya karye a ƙugu, hawa ya koma hannun yayana, mai tafin ƙafa kamar fatar raƙumi.

Sai Nasara suka kama shi lakwal, makarantarsu ta boko. Bai daɗe ba mushensu, wato malaminsu, ya ce kansa na ja, aka tura shi Dahome 'yan watanni, wai ya ga yadda yaran can ke karatu. Wa aka tambaya? Ba babanmu ba, ba innarmu ba.

Ya dawo dabino na fure, takalma a ƙafa. Ya ba mu labarin ruwan da ba a hango ƙarshensa. Da safe kakarmu ta miƙa masa igiya da wuƙa.

"Cire waɗannan kofatan ka hau."

"Kaka, can dariya suka yi wa ƙafata. Faso suka riƙa nunawa da yatsa. Ni na daina tafiya ba takalmi."

"To, dariyarsu za mu ci bana?"

Ya cire dai, yana hawaye. Ƙafar ta yi laushi kamar ta jariri. Bai kai rabi ba ƙaya ta tsaga shi, ya zamo ƙasa, jini har idon sawu. Na ce ni zan hau, aka ce mace ba ta hawan dabino. Maƙwabta kowa na kan nasa. Furen ya bushe muna kallo. Shekarar nan innarmu ta sayar da akuyoyinta, ƙanwata ta goye ta rasa nono.

Ban ga laifinsa ba. Laifin na waɗanda suka ari yaro ne, suka mayar da shi ba ƙafa.

Bana jikata ta zo da murna, makarantarsu za ta kai su wata ƙasa su ga duniya. Ban hana ta ba. Na dai ce ta miƙo ƙafarta, na riƙe, na duba da kyau.

"Haka nake son a dawo mini da ita."