Ranar da saƙon maƙwabta ya hau jirgi ya bar Yaya Bala

Daga Sabo, da asuba

Ana idar da sallar asuba Yaya Bala ya goyo Baba daga ɗaki ya sa shi a gaban motar da muka yi shata. 'Yan'uwa kuna ta tambayata a waya yadda aka yi, to ga labarin daga tushe.

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye ba shi da magana sai ta yayarsa, Goggo Hajara, da ke ƙauyenmu a bayan Boɗinga. Su biyu suka rage a ɗakinsu, kuma an aiko cewa jikin nata ya yi nauyi. Likita ya ce Baba ba zai iya zaman mota daga Badun zuwa Sakkwato ba. Ana cikin haka sai Nuhu, ƙanen maigidana, wanda ke tsara tashin jirage a wani kamfanin jiragen shata a Legas, ya bugo. Ya ce ƙaramin jirginsu zai kai makanikai biyu da kayan gyara Sakkwato, inda jirginsu mai saukar ungulu ya tsaya. Akwai kujeru uku da babu kowa, kuma ogansu ya yarda a biyo Badun a ɗauke mu, sadaka.

Kun san Sabo, unguwarmu ta Hausawa a Badun. In mutum zai tafi Arewa, ba shi kaɗai zai tafi ba. Kafin magariba zaurenmu ya cika da saƙo: ƙullin goro, garin kwaki, sabulun salo, garin elubo na amala, jarkokin manja biyu, har da turmin atamfa na wata mai jego. Baba yana kwance yana cewa, “Ajiye, zai isa in Allah ya so.” Da fataucin goro ya tsufa, bai iya cewa a'a ga mai saƙo ba.

Yaya Bala kuwa sabuwar babbar riga ya ɗinka. Babu mai shago a Mokola da bai ji cewa zai hau jirgi ba.

Filin jirgin Alakiya

Muka ratsa Mokola titi babu kowa sai masu okada, muka isa gari na wayewa. Nuhu, da ya iso daga Legas tun jiya, ya tarye mu, ya leƙa bayan mota, ya dafe kai.

“Anti Rabi, wannan fa? Tashar motar Ojoo kuka nufa?”

“Saƙon mutane ne,” in ji ni.

Kafin matuƙin ya fito, Nuhu ya zaunar da mu yana ba Baba labarin wurin aikinsa. Wai wani tsohon matuƙi ne ya kafa shi da jirgi ɗaya tal, yana fesa magani a gonaki. Daga baya suka samu aikin kai ma'aikatan man fetur tsakiyar teku, suka sayi masu saukar ungulu. Yanzu suna ɗaukar marasa lafiya, da masu duba bututu, da manyan mutane masu gaggawa. Ba sa sayar da tikiti. Jirgin gaba ɗaya ake ɗauka, kamar yadda muka ɗauki mota. Baba ya ce, “Ashe dai ɗan kamashon tasha ne kai.” Nuhu ya yi dariya ya ce haka ne.

Sai aka kawo sikeli. Na ɗauka na kaya ne kawai, ashe har mu. Aka auna ni da jakata, aka auna Baba a kekensa na marasa lafiya. Da Yaya Bala ya hau, ɗaya makanikin ya ce, “Alhaji, ka bar mana sikelin da rai.”

Matuƙin Bayarabe ne dattijo, Kyaftin suke ce masa, yana jin Hausa sosai. Ya durƙusa ya gai da Baba, sannan ya ce jirgin ya sha mai har wuya saboda nisan tafiya, ga ƙarafan gyara. Mun haura abin da zai iya tashi da shi da kimanin nauyin babban mutum guda. Manja kuma ba ya hawa, ko kaɗan.

“A matsa mana, Oga,” in ji Yaya Bala. “Ko a cinya sai mu riƙe.”

“A ƙasa ake matsawa, ɗan'uwa. A sama in ka yi lodi fiye da kima babu bakin titi da za ka tsaya.” Ya nuna gabas, inda hadari ya fara haɗuwa. Ya ce kafin ya taso ya rufe za su tashi, ko da mu ko ba mu.

Nuhu ya ce a bar saƙon, direba ya mayar Sabo. Baba ya girgiza kai.

“Ban taɓa barin kayan mutum a tasha ba. Na ce musu zai isa. A mayar da ni tare da shi.”

Na durƙusa gabansa na ce, “Baba, Goggo fa.” Hawaye ya zubo ta idon da ke ɓarin da ya shanye, amma bai sauya magana ba. Ni dai salati nake a zuci.

Yaya Bala ya daɗe yana kallon jirgin. Can ya tuɓe babbar rigar, ya ninke, ya miƙo mini.

“Kyaftin, in na sauka, kayan sun hau?”

Kyaftin ya duba lissafinsa ya ce sun hau.

“To garin kwaki ya zauna a kujerata. Ni da manja ma haɗu da ku ta ƙasa.”

A sama

Makanikan ne suka ɗaga Baba suka ɗaure masa bel. Jirgin bai kai doguwar bas faɗi ba, ƙara kuwa sai an toshe kunne. Da ya ɗaga, na damƙe hannun Baba ina addu'ar hawa abin hawa. Jajayen rufin kwanon Badun suka koma kamar an shanya barkono. Da muka zo kan kogin Kwara, Kyaftin ya aiko a nuna wa Baba gadar Jebba. Baba ya daɗe yana leƙe, ya ce, “Nan muke kwana da lodin goro muna jiran hanya.”

Ruwa da biskit kawai aka ba mu. Ban iya ci ba.

Sakkwato da ƙauye

Hantsi bai gama dubawa ba muka sauka, zafi ya mare mu tun daga ƙofa. A gefe na ga mai saukar ungulun da aka zo gyarawa, an ɗaure fukafukansa da igiya kamar raƙumi a turke. Ɗan Goggo yana jira da a-kori-kura, muka ɗora Baba a gaba, kaya a baya.

Mun tarar da ita kan tabarma, idanun sun tafi. Aka kwantar da Baba kusa da ita. Ta lalubo fuskarsa, ta shafa gemun.

“Audu na? Mi ka kawo man?”

“Goro, Yaya. Fari.”

“Ba ni da haƙoran cinai. A daka man.”

Na daka mata. Suka yi ta hirar mutanen da duk sun rasu har la'asar, ba wanda ya sa musu baki.

Yaya Bala ya iso washegari da yamma, jarka ɗaya ta tsiyaye masa a wando tun daga Kwantagora. Baba bai bar shi ya huta ba sai da aka raba kowane saƙo ga mai shi.

Komawa

Baba ya ce ya zo ke nan. Ban yi musu ba. Na gyara masa ɗaki, na koya wa jikokin Goggo yadda ake juya shi da lokutan maganinsa. Ni da Yaya Bala muka taso ta mota, Jega, Yawuri, Ilori, Ogbomosho, ga shingayen jami'ai kowane sai an sauke an buɗe buhu. Don kuwa waɗanda aka kai wa saƙo sun ba da nasu: kilishi, daddawa, kuka, albasa. A Ojoo babu wanda ya auna kowa.

Mun shiga Sabo ana kiran azahar. Maƙwabta suka cika zaure, kowa na karɓar nasa. Wata tsohuwa ta ce, “Bala, yaya sama?” Ya ce, “Tambayi garin kwakinki, Iya.”

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Allah ya saka wa Nuhu da ogansa da Kyaftin, ya ba Yaya Bala ladan kujerarsa. Da dare ya kusa na zuba tuwo a kwanon Baba kafin na tuna, sai na aika wa Yaya da shi.