Ɗakin Fiddausi Ita Kaɗai

Zariya

Muna idar da sallar asuba mahaifin Fiddausi ya kai mu tasha, ni da 'yata mai shekara tara da jakar magungunanta. Ciwonta likitoci na kiransa sistik faiburosis. Gadonsa ake yi. Majina ce mai kauri take cika huhu, kuma tarin da wani yaro zai yi kwana biyu ya warke, ita sai ya kwantar da ita wata guda. Bara aka kwantar da mu a babban ɗakin yara na asibiti, gado na gogar gado, kowa na tari. Ta fito ta fi yadda ta shiga jigata, na rantse ba za ta sake kwana a irin ɗakin nan ba.

To ga ƙirji ya sake cika, ga labari a zauren iyaye na waya wai wani asibiti a Abuja ya ware wa irin yaranmu ɗakuna. Ni ban cika yarda da "wai" ba. Na ce in ƙarya ce, a motar yamma zan juyo da abata.

Hanyar Kaduna

Bayan mun wuce Kaduna muka tarar da layi a shingen sojoji. Tari ya sarƙe ta, na kifa ta a cinyata, na lanƙwasa tafin hannu ina bubbuga bayanta kamar yadda nake yi safe da yamma. Sai ga soja ya leƙo ta taga a fusace.

"Madam! Me yaro ya yi maka kana dukan shi?"

Fiddausi ta ɗago kai da ƙyar. "Magani ne, oga. In ba ta buga ba, majinar ba ta fita."

Sai sojan ya daka wa direba tsawa, ya ce ya fita daga layi ya wuce. Direba ya ce, "Hajiya, don Allah in mun kusa na gaba ki sake bugawa."

Dutsen Alhaji

Da azahar muka sauka a Zuba, muka canza mota zuwa gidan Yaya Sani. Matarsa, Anti Rabi, mace ce mai son baƙi har ya yi yawa. Tun safe ta rufe ɗakin da za mu sauka ta turara shi da turaren wuta mai tsada, har labule da matashin kai. Fiddausi na sa ƙafa ta durƙushe tana tari har da amai.

Na sure ta muka yi tsakar gida. Anti ta biyo mu da kaskon a hannu tana kuka.

"Wallahi don in karrama ku na yi, Maman Fiddausi."

Raina ya ɓaci, amma yaya zan yi da mai kuka? Ta huce haushinta a kan tuwon shinkafa da miyar taushe, ta malala wa Fiddausi man shanu. A ɗakin yaran gidan muka kwana.

Asibiti

Washegari likita ya saurari ƙirjinta ya ce sai an kwantar da ita. Wata nas, Sista Ladi, ta ɗauki jakarmu muka bi ta. Da muka zo ƙofar babban ɗakin yara na ji tarin nan na fitowa, sai na ja na tsaya, na damƙe hannun 'yata.

"Sista, in nan ne, mun fasa."

"Haba Hajiya, zo mana. Ba nan ba. Yarinyan ki yana da ɗakin shi."

Muka zagaya baya. Ta wanke hannu a bakin wata ƙofa, ta sa mu ma muka wanke, ta buɗe. Gado ɗaya. Banɗaki nata ita kaɗai, taga a buɗe, bututun iskar numfashi a jikin bango. Ta ce mai koyar da atisayen ƙirji zai riƙa zuwa har ɗaki, kuma ko yara masu ciwo irin nata ba a haɗa su wuri guda.

"Iyaye ne suka hana ogan asibitin sakat, sai da ya ba da wurin," in ji ta.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ina kuka ba. Daɗi ne ya yi mini yawa.

Da Anti Rabi ta zo dubiya, a bakin ƙofa ta tsaya ta miƙa wa Sista hannun riga. "Shinshina, ko humra ban shafa ba. Yau haka na fito kamar ba mace ba."

Gida

Mako biyu muka yi, ba ta kwashi ciwon kowa ba. Na gode wa Allah, na gode wa iyayen da suka yi naci, da Sista Ladi, da Anti da ta yi ta jigilar abinci.

Da la'asar ɗan adaidaita ya sauke mu a bakin layinmu. Kafin in sauke jaka Fiddausi ta zura da gudu tana ƙwala wa babanta kira. Na buɗe baki zan ce ta tsaya ta huta, sai na ƙyale ta. Har ta shige gida ban ji ta yi tari ba.