Bandar Inna da Baƙin Majalisa

A shekarun da aka karya darajar sefa ina koyarwa a wata ƙaramar lakwal, wato makarantar boko, a Madarumfa. Albashi a lokacin abu ne da muke ji a rediyo, ba ma ganinsa a hannu. Mijina ya tsallaka Katsina neman abin yi, ni kuma na kwashi yarana biyu muka koma gidan mahaifiyata, wadda muke kira Inna. A gari madam ake ce mini, ana gaishe ni har da rusunawa, amma duk lomar da ta shiga bakina daga hayaƙin Inna ta fito.

Sana'arta bandar kifi ce. Da sassafe takan je bakin tabki ta sari tarwaɗa da karfasa wajen masunta, ta dawo ta jera su kan waya bisa rabin ganguna da ke bayan ɗakinta, ta hura wuta a hankali har kifin ya yi ja. Banda kuwa ba ta son wasa da itace. Kara yakan ci da sauri ya baƙanta kifin, kashin shanu ya sa masa warin da ko kyauta ba mai karɓa. Sai itacen sabara ko geza, wanda masu amalanke ke kawowa daga daji.

To a wannan itacen ne haraji ya sauka. Aka ce duk mai ɗauko itace sai ya yanki takarda ya biya, don a kare daji. Ba ni da ja da kare daji, ni ma ina koyar da shi a aji. Amma masu amalanke sukan biya a bakin daji, su sake haɗuwa da wani mai kaki a hanya wanda zai juya takardar sama da ƙasa ya ce bai gane ta ba, sai an gaisa. Duk wannan gaisuwar a kan Inna take ƙarewa. Kananzir ma da ake shigowa da shi ta Ɗan Issa ya yi tashin da masu ɗan hali suka ajiye resho suka dawo kan itace, muka taru muna rububin abu ɗaya. Ga lanho, harajin kai na kowace shekara, wanda mai gari ke tarawa, bai san an yi ruwa ko ba a yi ba. Inna ta fara kashe gangunanta ɗaya bayan ɗaya, har ya rage guda take hurawa, ita ma ba kullum ba. Akwai wani tarin itace da ta killace a zaure don damina, ta ce shi ne jarinta na ƙarshe, ko girki ba ta bari a taɓa shi.

Ana cikin haka mai shela ya zaga gari ya ce 'yan majalisa na tafe daga Yamai. Za su duba yadda ake karɓar haraji a karkara, su kuma ji halin da gidaje ke ciki game da itace da kananzir, don ana maganar wani tallafi. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na zaunar da Inna kamar ɗaliba, na ce in an tambaye ta ta faɗi komai: gangunan da suka mutu, gaisuwar hanya, ranakun da muke kwana da fura tsurarta. Ta saurare ni tana gyaɗa kai, ta ce ta ji. Na san wannan gyaɗa kan, shi take yi wa mai talla idan ba za ta saya ba.

Gari kuwa ya ɗauki zancen ta wata fuska. Baƙi za su zo, manya, daga nesa. Aka share ƙofar mai gari, aka yayyafa ruwa, aka aro tabarmi da kujeru har daga lakwal ɗinmu. Kowace mace ta buɗe adaka ta ciro zanen sallah. Mai gari ya aiko wa Inna cewa ba za a ce baƙi sun zo bakin tabki ba su ci kifi ba, kuma kowa ya san hannunta. Bai yi maganar itace ba, ita ma ba ta tambaya ba. Da na dawo daga aiki na tarar da gangunan nan duka suna hayaƙi, zaure kuma fayau. Raina ya ɓaci. Na tambaye ta da me za ta yi banda da damina, ta ce in matsa mata daga iska, ina tare mata hayaƙi.

Baƙin suka iso da hantsi cikin motoci, manyan riguna suna ƙamshin turare. Aka zaunar da su a inuwa, mai gari a damansu, shugaban masu kakin daji a hagunsu. Wato mutanen da aka zo bincikar aikinsu su ne masu masaukin. Mu mata muna can baya a tsugune. Gaskiya ɗaya daga cikin baƙin, wani dattijo mai tabarau, ya so ya ji wani abu. Ya tambayi maza, suka ce lafiya lau, sai godiya. Ya ce a kira masa mace mai sana'ar wuta, aka tura Inna gaba. Ta durƙusa cikin zanenta mai kyau, ya tambaye ta yaya itace.

Ta ce, “Lahiya lau, ranka ya daɗe. Icce ya ɗan hau, amma muna lallaɓawa.”

Ya ce, “Ba a matsa muku wajen haraji?”

Inna ta dubi mai gari, mutumin da ya tsaya a kan gawar mahaifina har aka rufe ta. Ta sunkuyar da kai.

“Wa za ya matsa muna? Duk gida ɗaya muke.”

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fara magana da Faransanci don a san da gaske nake, amma kafin in kai ga itace wani matashi cikin baƙin ya tambaya ko ni malamar lakwal ce. Da aka ce masa e, sai ya yi murmushi ya ce sun san matsalar albashi, amma wannan aikin wani kwamiti ne daban. Kawuna, yayan Inna, ya juyo ya harare ni, matan da ke kusa suka ja zanena na zauna. Nan take aka shigo da akusan abinci, kifin Inna a sama yana sheƙi, zance ya koma kan kifi. Da za su tafi aka cika musu kwanduna da sauran bandar a matsayin guzuri.

A gida na sauke mata duk abin da ke raina. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, “Mutane sun taso tun daga Yamai, in tarbe su da kuka? In kwance ma garin ga zane gaban baƙi? Su tahiya za su yi, ɗiyata. Mu muna nan da mai gari.”

Abin da ya fi ci mini rai ke nan, ba ta yi wauta ba. Ta auna abin da za ta iya rasawa ne ta zaɓa.

Damina ta sauka, itace ya ƙara tsada, ganga ta ƙarshe ta huce. Inna ta sayar da gangunan ga wani maƙeri, ta koma bakin tabki tana kankare kifi ana biyanta kullum, a wajen wata yarinya da ita ta koya wa banda, wadda mijinta ke da amalanken kansa. Ni kuma na fara sayar da kayan ɗakina.

Bayan wasu watanni na ji fassarar zaman majalisa da Hausa a rediyo. Aka ce masu binciken sun zaga sun dawo, kuma a yankinmu sun tarar da haraji na shiga ba tare da koke ba, jama'a na cikin rufin asiri. Maganar tallafi aka ce za a fara da manyan birane, sauran wurare sai kuɗi sun samu. Ba su samu ba, don kafin a je ko'ina majalisar kanta aka rushe.

Na je bakin tabki na same ta zaune a kan buhu, ƙayar kifi ta farfasa mata yatsu. Na faɗa mata abin da na ji, ina jiran in ga ta yi nadama ko ta yi fushi, ko da sau ɗaya. Ta ɗaga kai ta tambaye ni ko da gaske sun ce rufin asiri, a rediyo, kowa yana ji. Na ce haka suka ce.

Ta ce, “To alhamdulillahi, ba mu ji kunya ba.”

Ba ta sake hura wutar banda ba har ta rasu.