Giginyoyin Inna bakwai

Bana shekara arba'in da rasuwar Inna. Ni sai da na yi jikoki na shiga karatun manya, don haka wanda ya ga rubutuna a karkace ya yi haƙuri ya karanta haka nan.

Muruci Inna take sayarwa a kasuwar Gaya. A gonarmu ta hanyar Tanda take binne ƙwallon giginya, in ya yi tsiro ta tono ta dafa. Zamanin aikin dole ne na Turawan Faransa. Gardi, wato dogarin kumandan, yakan zo ya tsaya bakin gari ya nuna maza da bulala, a tafi da su gina hanya. Wasu suka gudu ƙasar Ingilishi. Inna ta ce ba ta zuwa ko'ina.

Duk namijin da aka kama a unguwarmu, sai ta binne masa ƙwallo guda a gefe, ta kira sunansa. In ya dawo ta tono ta dafa masa, ko ya yi gauri ya ci. In bai dawo ba, ba mai taɓawa.

Ran nan gardi ya ga tsiron a jere ya ce, "Ke, waɗannan na wa ne?"

Ta ce, "Na mutanen da ka ɗauka ne. Kawo su in tone."

Ya ɗaga bulala. Ina riƙe da zanenta, ba ta matsa ba.

Bakwai ba a tone ba. Na uku na Baba ne.

Nasara ya tafi, an yi gada, yau manyan motoci sun cika garin. Watan jiya Isufu, ɗan ƙanena, ya kawo mini takarda da tawada. Wai wani mai kamiyo, irin manyan motocin kayan nan, yana son gonar ya yi wurin ajiye motoci.

"Gwaggo, dangwala yatsa kawai za ki yi."

Na ce miƙo. Na bi ta da yatsa har na kai inda aka ce za a sare itatuwa. Na mayar masa.

"Gwaggo, itace ne fa!"

"Je ka gaya wa kakanka, ga shi can na uku."

Da Inna tana nan ba za ta iya karanta takardar ba, amma da ta san gardi ne ya sake riga. Ba mu san kabarin ko ɗaya cikin bakwai ɗin ba. Na sayi fenti na rubuta sunan kowa a jikin giginyarsa. Mai zuwa da gatari sai ya fara karantawa.