Ƙofar da Yayana Ya Kafa Mana

Shekarar da yayana ya samu muƙami a Yamai, ya zo Gure hutu. Abin da idonsa ya fara sauka a kai shi ne ƙofar zaurenmu. Ta katako ce, mahaifinmu ya kafa ta tun ba a haife mu ba. Ya tsaya yana yatsina fuska.

"Inna, in abokan aikina suka biyo ta nan, me zan ce musu?"

Mahaifiyarmu tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba. "Ka ce su yi sallama."

Bai auna komai ba. Ya buga waya Damagaram, bayan kwana huɗu mota ta sauke mana wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe, shuɗiya, da furanni masu ruwan zinariya. Maginin unguwarmu, wani dattijo, ya gwada da igiya, ya ce ta fi bakin zauren da kamu guda.

"Sai dai a mayar da ita, Alhaji."

"A fasa bangon," in ji yayana.

Aka fasa. Ginin ƙasa ne, ya tsage har kan azara. Yayana yana kan kujera a inuwa, da baƙin tabarau, yana koya wa mutumin da ya tsufa a gini yadda ake kwaɓa siminti. Ya kuma dage sai ƙofar ta riƙa buɗewa ta waje, wai haka ake yi a birni. Magini ya ce masa layinmu rairayi ne. Yayana ya yi dariya.

Da aka gama ya tsaya gabanta aka yi masa hoto har kala uku, washegari ya hau mota.

Mu ya bar wa aiki. Duk daren da aka yi iska, rairayi ya taru a gindinta, sai mun yi ta ƙwala wa maƙwabci kira ta katanga ya zo da shebur. Da bazara kuwa mariƙinta ƙuna yake, sai da tsumma. A ƙarshe Inna ta sa aka huda mana wata 'yar ƙofa ta wajen garken awaki, kowa ya koma bi ta can, har baƙi.

Kwanaki yayana ya kira ni yana tambaya ko mutane na tsayawa kallonta. Na isar wa Inna.

Ta ce, "Gaya masa suna tsayawa. Ba ta buɗuwa ne."