Amfilifayar da Na Haɗa wa Cocinmu

Ni na haɗa wa cocinmu na Tsiga amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, a shagona na gyaran rediyo a Funtua. Ban sami tiransistocin da suka dace ba, 'yan ƙananan kayan da ke ƙara wa sauti ƙarfi, sai na ciro na wata tsohuwar rediyo, masu nawa, waɗanda ba sa iya bin sautin da ya tashi farat ɗaya. Na gwada da muryata mai kauri, ɗaya, biyu, uku, ta fita tas. Fasto ma ya gwada, ya yaba. Duk cikinmu ba wanda ya yi tunanin miƙa wa mace makirfo.

Ranar jana'izar yayata aka fara aiki da ita. Wa'azi ya tafi lafiya. Sai Inna ta karɓi makirfo don ta rera waƙar da 'yarta take so. Tana ɗaga siririyar muryarta, lasifika ta kama ƙara kamar ana yaga kwanon rufi. Wani dattijo ya murɗa maɓallin sauti don ya gyara, abin ya daɗa lalacewa. Mutane suka toshe kunne.

Inna dai ta kai waƙarta ƙarshe. Da ta zauna ta tambaye ni, "An ji kuwa?"

Na ce mata an ji.